Kifi Bakwai a Hannun Uwar Tsafta

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin dafa kayan tiyata na wani babban asibiti, kuma a duk tsawon shekarun nan ko almakashi ɗaya bai taɓa fita daga hannunta da ɗigon datti ba. Abokan aikinta ne suka laƙaba mata Uwar Tsafta, sunan ya biyo ta har gida, har bayan ta ajiye aiki. Mace ce da in ka ajiye kofi a teburinta ka juya kana magana, kafin ka waiwayo ta ɗauke ta wanke, da sauran shayinka a ciki. Ba sharri nake mata ba, ku tambayi surukanta.

Mijinta direban motar haya ne na dogon zango, kowa Direba yake ce masa, har ita. Mutum ne mai surutun tsiya, in ya fara ba da labarin hanya sai an roƙe shi yake yin shiru. Bara war haka ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya kwanta ya juya fuska bango. Wata huɗu cur yana kallon bangon nan. Abinci sai an yi da gaske yake karɓar cokali uku. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce jikin zai iya farfaɗowa, amma in ya ci gaba da wannan kwanciyar, to ita ce za ta kashe shi kafin ciwon ya kashe shi.

Babbar 'yarsu ce ta kawo tankin kifi, wani akwatin gilashi da bai fi tsawon hannu ba, da tsakuwa a ƙasa, da ɗan inji mai tace ruwa yana fitar da kumfa a kusurwa, da 'yan kifaye bakwai masu launi. Uwar Tsafta ta ja tsaki ta ce, "Ruwa a tsaye cikin falo? Gidan sauro kika kawo mana kenan." Amma ba a yi mako ba Direba ya nuna da hannu a kai shi falo. Ta riƙe shi ta hammata, taku goma sha ɗaya daga gado zuwa kujera, ya zauna ya zuba wa gilashin ido. 'Yar ta koya masa ya riƙa ɗibar abincin kifin da yatsun hannun da ya shanye. Da farko rabi a ƙasa yake zubewa. Wata safiya Uwar Tsafta tana goge taga ta ji wata murya kamar ta ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba: "Ɗa... ya. Bi... yu." Tsumman ya faɗi daga hannunta. Har bakwai ya kai, yana gumi. Tun daga ranar ƙirga kifin ya zama aikinsa na kowace safiya, kuma saboda su yake yarda a tashe shi daga gado.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya. Duk Asabar 'yar takan zo ta ɗebe bokiti guda na ruwan tankin, ta ciro soson da ke cikin injin, wani baƙin soso mai yauƙi, ta ɗan matse shi a cikin ruwan dattin da ta ɗiba, ta mayar da shi yadda yake. Uwar Tsafta takan tsaya ta riƙe ƙugu tana kallo, tsigar jikinta na tashi. "Wai ke ni na haife ki kuwa? Wannan ne wanki?" Ita kuwa 'yar sai ta ce, "Mama, ki bar shi haka, haka mai shagon kifin ta ce a yi." Dalilin kuwa ita ma ba ta tambaya ba, balle ta faɗa.

Ana nan sai aka kwantar da Direba a asibiti, za a yi masa ɗan aiki a mafitsara, kwana goma. 'Yar ta ɗauki hutu ta tare a wurinsa, don bayan uwar ba ya jure zaman kujerar asibiti. Kifi suka dawo hannun Uwar Tsafta. 'Yar ta rubuta mata takarda ta manna a bango: abinci ɗan tsunkule sau ɗaya a rana, in za a ƙara ruwan famfo a ɗiga maganin da ke cikin 'yar kwalba, kada a taɓa komai.

Kada a taɓa komai! Wa aka gaya wa? A rana ta biyu, gida ya yi mata shiru, ta zauna a kujerar Direba ta ga gansakuka a jikin gilashi, ta ga kashin kifi kwance tsakanin tsakuwa. Ta ce a ranta, bawan Allah zai dawo da sabon ɗinki a jiki, ya zauna kusa da wannan ƙazanta? Ba a gidana ba. Ta sa safar hannu. Ta kwashe kifin a hankali ta zuba a roba. Ta zubar da ruwan kaf. Tsakuwar ta dafa ta a tukunya minti ashirin, tana duba agogo kamar yadda ta saba a wurin aiki. Gilashin ta wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ɗauraye sau bakwai, don ita ba sakarai ba ce da za ta bar magani a jikin kaya. Soson nan kuwa da ya daɗe yana ci mata rai, ta kwarara masa tafasasshen ruwa, ta matse, ta sake kwararawa, har sai da ya koma launin da aka saye shi. Ta cika tankin da ruwan famfo, ta ɗiga maganin kwalba daidai yadda aka rubuta, ta mayar da kifin. Tankin ya yi ƙal, kamar babu ruwa a ciki. Ta ja da baya tana kallo, wallahi ranar ta ji daɗin kanta.

Kwana biyu lafiya lau. A na uku ta tashi ta tarar ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa. Ta ce lallai wata ƙwayar cuta ce ta kuɓuce mata. To me ta sani in ban da abin da ta sani? Ta sake sa safar hannu, ta sake yin wankin nan daga farko har ƙarshe, wannan karon ta dafa tsakuwar minti talatin. Da ta ga kifin sun yi laƙwas sai ta ƙara musu abinci, sau uku a rana, don ta san maras lafiya da ci yake samun ƙarfi.

Washegari da safe duk sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, kamar mai asma yana neman iska. Ɗaya, ɗan ja mai dogon wutsiya, yana kwance a kan tsakuwa, cikinsa a sama. Ta taɓa gilashin da yatsa. Ta ƙwanƙwasa. "Kai, tashi mana. Tashi don Allah." Bai motsa ba. Ta ga gawa iri-iri a rayuwarta, amma ba wadda ta taɓa girgiza ta kamar ta safiyar nan, gawar kifin da bai kai tsawon ɗan yatsanta ba.

Da la'asar ta je dubiya. Direba yana kwance da robar fitsari a gefen gado, ya rame, amma idonsa tar. Tana shiga ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya buɗe yatsu biyar, ya runtse, ya buɗe biyu. "Bak... wai?"

"Bakwai, Direba," in ji ta. "Suna nan ƙalau, suna gaishe ka."

Ya yi murmushi da rabin bakinsa. Ita kuwa sai ta duƙa ta hau gyara masa zanin gadon da babu abin da ya same shi, don kada ya ga fuskarta. Shekara arba'in suna tare ba ta taɓa yi masa ƙarya mai nauyin wannan ba.

Kashegari biyu suka bi. Wanshekare ɗaya. Ta koma tana jin tsoron falon gidanta. Da safe takan tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, hannu a ƙirji, kafin ta iya ɗaga ido ta kalli gilashin. Abinci ya daina shiga cikinta. Duk inda ta juya bangon ɗakin kwana take gani, da bayan Direba, da ƙashin kafaɗarsa da ya fito a wancan wata huɗun. Kullum da la'asar kuma sai ya ɗaga mata yatsu, kullum sai ta ce bakwai. Tsoro take ji, tsoro mai sa bakin mutum ya bushe.

Ranar da suka rage uku ta yanke shawara. Ta naɗe mataccen na ƙarshe a auduga, ta ɗebi ruwan tankin a kwalba mai tsafta ta rufe, don ta san ba a zuwa wurin gwaji hannu rabbana. Ta nemo adireshin shagon a jikin gwangwanin abincin kifin. Niyyarta ta sayo huɗu masu kama da waɗanda suka mutu, ta zuba, magana ta wuce.

Shagon ɗan tsukuku ne a bayan wani layin masu gyaran waya, duhu-duhu, ko'ina tankuna suna ɓul-ɓul, ga ƙarni. Mai shagon wata mace ce ƙaƙƙarfa mai tabarau, hannun rigarta a naɗe, ba ta da alamar wasa. Ta buɗe audugar, ta ɗaga murfin da ke gefen kan kifin da farce, ta ga wurin ya yi ja jawur. Ta tsoma wata 'yar takarda a ruwan kwalbar, irin ta gwajin fitsari sak, launin ya juye nan take. Ta cire tabarau ta dubi tsohuwar.

"Mama, me kika yi wa tankin?"

Uwar Tsafta ta gyara tsayuwa ta zayyana mata komai, minti nawa, ɗauraya nawa, har da 'yar alfahari a muryarta, don ta san aikinta ba shi da makusa.

"Soson fa?"

"Tafasasshen ruwa. Sau biyu."

Mai shagon ta dafe kai. "Innalillahi. Mama, ai ke kika kashe su."

Maganar ta dake ta a ƙirji. Sai da ta dafa teburin shagon.

"Ki saurare ni," in ji mai shagon. "Kifi a cikin ruwan da yake sha yake fitsari, a ciki yake kashi. Wannan abin da yake fitarwa guba ne, yana ƙona musu wurin numfashi. Baƙin yauƙin da kika gani a soso da tsakuwa, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su suke cinye gubar. Makonni suke ɗauka kafin su taru. Ke kuma kika dafa su."

"Ƙwayoyin cuta kike nufi?"

"Ƙwayoyi dai, amma ba na cuta ba. Su ne ran tankin. Sannan kika ƙara abinci, gubar ta ninka."

Uwar Tsafta ta tsaya baki buɗe. Duk rayuwarta abu ɗaya aka koya mata, abin da ido ba ya gani maƙiyi ne, a dafa shi. Ba wanda ya taɓa ce mata akwai wanda ake lallaɓawa. Da ƙyar ta ce, "To ki ba ni huɗu. Ɗaya ja mai dogon wutsiya, biyu masu ratsi, ɗaya..."

"Ba zan ba ki ba."

"Haba 'yata, ki rufa mini asiri. Mijina jibi-jibin nan za a sallamo shi. Kifin nan su suka tashe shi daga kwance. In ya dawo bai ga bakwai ba..."

Fuskar mai shagon ta ɗan saki, amma ba ta janye ba. "Mama, in na ba ki, kwana biyu za su yi a ruwan nan su mutu, kuma su ja sauran ukun. A gabansa za su mutu, yana kallo. Kina son haka? Sai bayan wata guda, in ruwan ya dawo daidai." Ta juya ta zura hannu cikin wani tsohon tanki, ta ciro wani soso baƙi ƙirin yana ɗigar da yauƙi, ta jefa a leda da ɗan ruwa ta ƙulle. "Ki sa wannan a injin yadda yake. Kada ki wanke. Kada ki ɗauraye. Kin ji ni? Kullum da safe ki ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ki mayar da sabo wanda kika ɗiga wa magani, mai sanyi daidai da na ciki, ki zuba a hankali. Kwana biyu kada ki ba su abinci, yunwa ba za ta kashe su ba. Kuma ban ce duka ukun za su rayu ba."

Haka Uwar Tsafta ta shiga mota da ledar ƙazanta a kan cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu. A gida ta tsaya a gaban famfo da soson nan a hannu, yana wari, yana zamewa tsakanin yatsunta. Wallahi sai da hannunta ya kai kan famfon da kansa. Ta janye shi. Ta tura soson cikin injin, hawaye na zuba, tana ce wa kifin, "Ku yi haƙuri. Ku yi haƙuri, ban sani ba."

Da safe ɗaya ya ƙara tafiya. Saura biyu. Amma biyun sun sauko daga saman ruwa, suna ɗan zagayawa. Ta kira 'yarta a waya ta gaya mata gaskiya. Can 'yar ta ce, "Mama, ai na rubuta miki." Sai kuma ta ce, a sanyaye, "Yau da safe ma sai da ya ce mini yana kewar su. Jimla guda ya yi, Mama, bai tsaya ba. Yanzu ya za mu yi?"

Ranar sallama, da hantsi, suka shigo da shi, 'yar ta riƙe dama, uwar ta riƙe hagu. Ko ɗaki bai yarda a kai shi ba, kujerarsa ya nuna. Ya zauna yana haki, ya matso da fuska kusa da gilashin. "Ɗa... ya. Bi... yu." Ya tsaya. Ya leƙa bayan injin. Ya leƙa tsakanin tsakuwa. Ya sake farawa. "Ɗaya. Biyu." Sannan ya juyo a hankali ya dube ta.

Ta durƙusa a gabansa, gwiwoyinta na ƙara. "Direba, ni ce. Na wanke tankin. Na dafa komai. Biyar sun mutu a hannuna, kuma kullum ka tambaye ni ƙarya nake maka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon ta. Da ma ya zage ta, da ma ya jefe ta da gwangwanin abincin, da ta fi jin sauƙi. Sai kawai ya ɗaga hannu ya nuna ɗaki. Suka kai shi. Ya kwanta, ya ja jikinsa da ƙyar, ya juya fuska bango.

Abin da take gudu kenan, ga shi ya zo. Abincin rana ya huce a kan tire. Na yamma ma haka. Washegari 'yar ta zauna a bakin gado tana lallashi, "Baba, biyun suna nan fa, sun warware, zo ka gani." Ko motsi bai yi ba. Da yamma dole ta koma gidanta da aikinta, ta bar uwar ita kaɗai da bayan mijinta. Uwar Tsafta takan leƙa ɗakin sau ba adadi, ta tsaya tana kallon bargo, sai ta ga ya ɗaga ya sauka sannan ta iya sakin numfashi. Ta san yadda wannan hanyar take ƙarewa, likita ya gaya mata, kuma wannan karon da hannunta ta ɗora shi a kai.

A safiya ta uku ta ɗebe ruwan tankin kamar yadda aka ce, ta haɗa sabo a bokiti, ta ɗiga magani. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Maimakon ta riƙa ɗiba da moɗa sai ta ɗaga bokitin gaba ɗaya, don ta gama ta koma ta duba shi. Bokitin ya rinjaye ta. Ruwa ya kwarara cikin tankin da ƙara, shaaa, tsakuwa ta tashi, kifin biyu suka watse suna dukan gilashi. Ta yi salati, ta dire bokitin, ta tsaya tana neman su da ido cikin ruwan da ya gurɓace.

"A... han... kali!"

Ta juya. Direba ne a bakin ƙofar falo. Shi kaɗai. Hannunsa mai lafiya ya damƙe ƙyauren, ƙafar da ta shanye tana jan ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga, fuskar nan a murtuke. Tun da ciwon ya same shi bai taɓa yin taku ɗaya ba sai an riƙe shi.

"Direba! Za ka faɗi!" Ta yo kansa da gudu.

"Kar... ki taɓa ni." Ya saki ƙyauren ya dafa bango, ya ja ƙafa, ya sake ja. Ta bi bayansa hannuwanta a buɗe, ba ta taɓa shi ba. Ya kai kujera ya zube a kai, yana numfashi sama-sama. Ya leƙa tankin har sai da ya ga biyun sun fito. Sannan ya dube ta da jajayen idanu.

"Za ki... kashe mini... sauran. Ba ni... moɗa."

Ta miƙa masa. Ya karɓa da hannun da ya shanye, ya tallafa da ɗayan, ya ɗebi ruwan da ya rage a bokiti, ya riƙa tsiyayawa a jikin gilashin kaɗan-kaɗan, rabi na zuba a kan wandonsa.

"Daga yau... ba ke... ba kifina."

"To, Direba."

"Ban... yafe ba."

"Na ji, Direba," in ji ta, tana share ido da bayan hannu. "Kar ka yafe. Me za ka ci?"

Bai kalle ta ba. Ya sake ɗibar ruwa. Sai da ya gama tsiyayawa tas sannan ya ce, "Shayi. Da... burodi."